Wayar da Aka Buga wa Alhaji Buba a Tike

Ku da kuke shigowa shagon nan da waya a hannu kuna cewa aikin biza ba wani abu ba ne, fom ne kawai mutum ya cike ya aika, ku ɗan sami wuri ku zauna. Ni ba zaman zan yi ba, kun san ba na iya zama wuri ɗaya, amma ku ku zauna. Shekara talatin da ɗoriya ina cike wa mutane takarda a garin Gombe, fiye da rabinsu a kan yaran da ke neman fita karatu waje, kuma har yau ba na aika fayil ɗin ɗan wani sai na bi shi layi-layi na sake bi. Ku kuwa wata uku kuka yi kuna taɓa kwamfuta, har kun buga kati kun sa wa kanku muƙami da Turanci.

Aikin farko da na yi da hannuna wasiƙar wani malamin firamare ce, yana roƙon a dawo da shi gari daga ƙauye. Lokacin ina koyon aiki a wurin Malam Ilu, wani Bakatsine da ke ajiye tafiretarsa a gindin dalbejiya daura da kotu. Na buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya, na zare takardar kabon ta kwafi ina jin kaina. Malam Ilu ya karanta, ya yaga ta gida huɗu, sannan ya tambaye ni wa zai karanta wasiƙar. Na ce ban sani ba. Ya ce to me na rubuta ke nan? Ashe mutumin da za a kai wa takardar yana son a fara masa da doguwar gaisuwa, kuma ba ya ƙaunar a ambaci rashin lafiyar iyali a takardar ofis, ni kuwa da ciwon matar malamin na buɗe. Malam Ilu ya san halin kowane tebur a garin nan. Shekara huɗu na yi a gindin bishiyar. Buga tafireta a wata biyu na iya shi, sauran lokacin duk koyon halin masu karɓar takarda na yi.

Da kwamfuta ta shigo sai na kama wannan shagon a unguwar Dawaki. Kayan aikina na farko, da kun gan su da kun yi dariya: kwamfuta mai ƙaton kai, janareto da ba ya tashi sai an lallashe shi, da ɗan abin kamo intanet da nake ɗaure wa a ƙarfen taga da roba don a nan kaɗai yake samun sabis. Akwai dutsen guga, kuma har yanzu yana nan a ƙarƙashin tebur. Wani yaro ya taɓa kawo mini takardar sakamakonsa an ninke ta gida takwas, ta sha zama a aljihu, ga tabon manja a kusurwa. Sai da na shimfiɗa mata ƙyalle na goge ta a hankali kafin sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, ta yarda ta nuna makin lissafinsa. Akwai rula ta auna kan mutum a hoton fasfo, akwai farin zanin gado da nake ratayawa a bango. Wata yarinya sau biyu ana dawo da hotonta saboda hijabi ya ɗan rufe gefen kumatu. A karo na uku da kaina na aika aka kira yayarta ta gyara mata ɗaurin, na ɗauka, ya wuce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wayarku za ta gaya muku.

Babban abin da ba ku gane ba shi ne, yaro ba ya zaɓar ƙasar da zai yi karatu. Yana zuwa da sunan ƙasa a bakinsa, amma inda ƙofa take buɗe a wannan shekarar nan yake shiga. Akwai lokacin da duk wanda ya karanta injiniya ko kwamfuta wata ƙasar Turai yake so, saboda in ka gama ana barinka ka yi aiki na ɗan lokaci ka koyi hannu. Wata safiya na buɗe shafinsu na tarar sun soke wannan. A sati ɗaya fayil huɗu na kwashe daga wannan aljihun tebur na mayar wancan, iyayen suna tambayata ko makarantar ce ta lalace. Makaranta tana nan lafiyarta ƙalau, doka ce ta juya.

Fayil ɗin Hauwa, wata yarinya daga unguwar Arawa, shi ya fara nuna mini cewa masu kimiyya tasu wahalar daban ce. Ita ta zo ta ɗaya a sashen kemistiri, wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta da murna. Sai aka ce duk mai karanta haɗa sinadarai, ko fiziks, ko wasu rassan injiniya, sai ya nemi wata takardar izini ta musamman kafin ma ya nemi biza, a binciki abin da zai koya da inda zai kai shi. Ƙawarta da ta nemi karatun sha'anin mulki a wannan jami'ar ba a tambaye ta komai ba, ta tafi ta bar Hauwa tana zuwa shagon nan kowace Litinin mu duba imel. Wata biyar muna dubawa. Da ta gaji sai na nema mata Indiya, a sati uku aka buga mata biza. Haka yaranmu masu kai suka riƙa watsuwa: Malesiya, Indiya, Masar, Sudan, Saifurus, Turkiyya. Wasu makarantun masu kyau ne ƙwarai, wasu kuwa sai da na kira ɗalibanmu da ke can na tabbatar akwai ɗakin gwaji kafin in tura ɗan kowa.

To sai ga shekarar da ba na son tunawa. Rikicin masu tada ƙayar baya ya matso har cikin gari, bam ya tashi a tashar mota, aka hana acaɓa, shingen bincike ko'ina. Mutanen Borno da Yobe suka cika unguwanni, wasu sukan shigo mini da satifiket rabi a ƙone, wasu babu komai sai lambar jarrabawa da suka haddace. Zuwa Abuja ɗaukar hoton yatsu ya zama tafiya ta yini guda cur, a sauke ku a shinge ku taka a ƙasa hannu sama, ga fayil a hamata. Babu ofishin jakadancin da ya rubuta cewa yana tsoron yaran arewa maso gabas, kuma ni ba zan rantse a kan abin da ban gani a rubuce ba. Abin da na gani shi ne fayil ɗinmu ya riƙa daɗewa, tambayoyi suka ƙaru. Kuma a shekarar ne wani ofishi ya fito da sabon abu: bayan an karɓi takardu, sai a ɗauki waya a kira wanda ya ce zai ɗauki nauyin ɗalibi, a ji daga bakinsa. Na san da wannan. Ku riƙe wannan maganar, na sani sarai.

A tsakiyar wannan hali Sa'adu ya shigo. Dogo ne siriri, ya karanta injiniyan lantarki, yana son ya yi digiri na biyu a kan batiran da ke ajiye wutar hasken rana. Ya sami gurbi a wata jami'a a Turai, har sun yafe masa rabin kuɗin makaranta saboda kyawun sakamakonsa. Ban taɓa riƙe fayil mai tsabta kamar nasa ba. Tare suka zo da mahaifinsa, Alhaji Buba, Bafulatani mai fataucin shanu a Tike, kasuwar dabbobi, wanda ya gina gida a unguwar Tumfure. Alhaji ya sayar da shanu ya zuba kuɗin a banki kamar yadda doka ta ce, ya bar su suka kwanta har kwanakin da ake so suka cika. Ya zauna a bencin can, ya juya wa Sa'adu gefe, ya ce mini ga yaron Haruna nan, wai yana son tafiya karatu, in duba masa.

Na gane nan take, har na yi murmushi. Sa'adu ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga Bappa Haruna, ƙanen Alhaji, a can ya tashi, shi ya sa shi makaranta. Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cewa ɗana ba, in yaron ya shigo ɗaki sai Alhaji ya sami abin kallo a wani wuri. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wajen mutanensu ba abin wasa ba ce. Ni ma mahaifina haka ya yi wa yayanmu har ya bar duniya, ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu da ya shafi fom ba. Takardar haihuwa ta ce Buba ne uba, fasfo ya ce haka, takardar banki ta ce haka, wasiƙar ɗaukar nauyi da na buga Alhaji ya dangwala mata yatsa ba tare da ya ce a karanta masa ba. Na rubuta lambar wayarsa a gurbinta na wuce gaba.

Sati biyu na yi ina horar da Sa'adu don intabiyu. Na hana shi sunkuyar da kai, na ce a can kallon ƙasa ba ladabi ba ne, alamar ɓoye wani abu ce. Na sa shi ya kalli tsakiyar idona yana faɗin sunan darussansa har ya daina jin nauyi. Na koya masa ya faɗi abin da ya iya ba tare da ya ce ai ba wani abu ba ne. Ya tafi Abuja ya dawo lafiya, ya ce tambayoyin duk waɗanda muka yi ne. Na ce masa ya fara neman rigar sanyi.

Ranar wata Talata da hantsi saƙon ya shigo. Na buɗe, Sa'adu yana tsaye a bayana. An hana shi. Dalili layi uku ne: an kira wanda aka ce mahaifinsa ne, ya ce mai neman bizar ba ɗansa ba ne, don haka an ɗauka an gabatar da bayanin ƙarya. Ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku san bambancin. Hana biza saboda takarda ta gaza ba komai ba ne, ka gyara ka sake nema. Amma in aka rubuta maka ƙarya, an rufe maka ƙofar ƙasar na shekaru, kuma kowane fom na kowace ƙasa yana da layin da ke tambaya ko an taɓa hana ka, da dalili. Tabon zai bi yaron duk inda ya nufa. An ba mu 'yan kwanaki mu nemi a sake duba hukuncin, jami'ar kuma saura sati bakwai ta rufe rajista.

Ban ko kashe janareto da kyau ba muka tari keke mai ƙafa uku sai Tumfure. Tafiyar da ma doguwa ce, ga shinge biyu a hanya, kowanne sai an sauka an taka. Ina tafe ina lissafin kwanaki da yatsu. Da muka isa Sa'adu ya tsaya a waje, ni na shiga zaure. Alhaji ya sa aka kawo mini kindirmo, muka gaisa gaisuwar da na ji kamar ba za ta ƙare ba, sannan na tambaye shi ko wani ya kira shi kwanakin baya. Ya ce ƙwarai, wata mata ce, da Hausa ta yi masa magana, Hausar ba ta nan ba.

“Malam, a tsakiyar Tike ta same ni,” in ji shi. “Dillalai sun kewaye ni, ga surukina a tsaye. Ta kira sunan yaron nan, ta ce wai ɗana ne? Na ce mata ɗan Haruna ne. Ta sake tambaya, na ce ta tambayi Haruna. To me zan ce a gaban mutane?”

Ya faɗi haka hankalinsa kwance, yana ganin ya yi abin da kowane mai mutunci zai yi. Kuma a wajensa gaskiya ya faɗa. Haushi ya kama ni, amma ba nasa ba, nawa. Sati biyu ina gyara wa ɗa zama da kallo, ban ɗauki minti biyar na zauna da uban na ce masa za a kira ka, ga abin da za a tambaya ba. Wata mata a Abuja da takardar tambayoyi a gabanta ba laifinta ba ne in ba ta san kunyar ɗan fari ba. Ni da na tashi a cikinta, na ji da kunnena ya ce yaron Haruna, na yi murmushi na wuce, ni ne ban yi aikina ba.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Da ya gane abin da maganarsa ta jawo sai fuskarsa ta canza, ya cire hula ya mayar. Ya ce to a gyara mana, a rubuta Haruna ne uban, shi zai mayar da kuɗin asusun Haruna, shi ke nan magana ta daidaita. Na ce Alhaji, yanzu babu ƙarya a fayil ɗin nan, amma in muka yi haka mun saka ta da hannunmu. Hanya ɗaya ce: ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa shi ya haifi yaron, a bayyana al'adar, mu haɗa da takardar asibiti da wasiƙar mai unguwa mu aika. Ya ce zai yi shawara.

Kwana uku shawarar nan ta ci. Na kasa zama a shago, na kasa zama a gida. In fita bakin titi, in dawo, in buɗe fayil ɗin da na riga na haddace, in rufe. Wani ya kawo aikin buga katin biki na ce ya je gaba. Na buga takardar rantsuwar na ajiye, na sake bugawa don wata kalma ba ta yi mini ba. A rana ta uku na je na sami Bappa Haruna a shagonsa na hatsi, na gaya masa kwanaki suna tafiya. Shi ne ya je ya zauna da yayansa. Ban san duk abin da suka faɗa ba, Haruna dai ya ce mini ya gaya masa cewa riƙo ya yi, kuma ya yi da zuciya ɗaya, amma ba zai karɓi abin da Allah bai ba shi ba har ya zama sanadin tauye yaron.

Ranar Litinin da safe muka haɗu a ƙofar kotu, mu huɗu. Aka caje mu ɗaya bayan ɗaya, aka sa Alhaji ya bar sandarsa a waje. Na yi zaton abin zai zo da sauƙi, don sau da yawa hatimi kawai ake bugawa a sa hannu a tafi. Sai muka tarar da wata dattijuwa Batangaliya a teburin rantsuwa, mai gilashi a kan hanci, irin ma'aikatan da ba sa tsallake layi. Da ta ji Alhaji ba ya karatun boko sai ta ce doka ta ce a karanta masa da harshen da yake ji, kuma ya faɗi abin da yake rantsuwa a kai da bakinsa. Na matsa kusa na yi mata raɗa, na ce ɗan fari ne. Ta ce ta sani, a Gombe ta tsufa, amma ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta ji ba. Abin da ta yi kawai, ta sallami mutanen da ke jira a ɗakin, ta ce wa Sa'adu ya ɗan fita. Ya fita ya tsaya a baranda, jikin tagar da gilasanta biyu suka fashe.

Alhaji ya ce a ba shi buta. Ya je ya yi alwala ya dawo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Na karanta masa takardar da Hausa, layi bayan layi, yana cewa haka ne. Da na zo ƙarshe matar ta ajiye biro ta dube shi.

“Baba, wane ne yaron da ake magana a kansa?”

Ya ce wanda ya fita yanzu.

“Sunansa nake so, Baba. Da abin da yake a wurinka.”

Na ga mutane da yawa a gaban teburin nan, masu rikicin gado da masu rikicin fili, ban taɓa ganin wanda magana ta yi wa nauyi kamar wannan ba. Mutumin da ke tsayawa a Tike ya yi ciniki da murya ɗaya kasuwa ta ji, sai ga shi yana kallon ƙafarsa, gumi yana bin wuyansa. Haruna ya juya baya yana kallon bango. Fanka tana ta juyawa. Can ya buɗe baki, muryar ƙasa-ƙasa.

“Sa'adu. Ɗana ne, ni na haife shi. Shi ne na fari.”

Matar ta ce ya isa. Ya dangwala yatsa, ta buga hatimi. Da muka fito Sa'adu ya riga ya koma can bakin ƙofa yana kallon titi, Alhaji ya karɓi sandarsa ya wuce ta gabansa bai dube shi ba, kamar kullum.

A ranar na aika komai. Na rubuta bayanin al'adar a shafi ɗaya, da Turanci mai sauƙi, yadda wanda bai taɓa ganin saniya ba zai gane. Na rubuta wa jami'ar ina roƙon a ɗaga wa yaron ƙafa, suka ƙara masa sati biyu, suka ce daga nan ba su da iko. Sai jira. Kowace safiya kafin in share shago sai na tada janareto na duba, da azahar in duba, kafin in rufe in duba. Sa'adu yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa, in girgiza kai, ya juya. Sati bakwai suka cika, biyun da aka ƙara suka bi su. Kwana tara bayan an rufe rajista amsa ta zo. Sun karɓi bayanin, sun janye maganar ƙarya, sun ce yana iya sake nema duk lokacin da ya so.

Sunansa ya wanku, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma gurbin ya tafi, rangwamen rabin kuɗin an ba wani. Muka ce to baɗi. Kafin baɗin ta zo sai na ga an faɗaɗa jerin darussan da ke buƙatar izinin musamman, irin nasa ya shiga ciki. Sa'adu ya ga yadda aka yi da Hauwa, ya ce ba zai sake zuba shekara a jiran imel ba. Na nema masa Malesiya, wata jami'a da na san ɗakin gwajinta ta bakin yaranmu. Ba su kira kowa a waya ba. Can ya yi karatun, can wani kamfani ya riƙe shi, yanzu in ya zo hutu da harshensu yake amsa waya. Ƙasar da ta ɓata masa shekara kuwa, daga baya na ga ta sake buɗe ƙofa tana neman masu irin iliminsa ido rufe.

Tun daga lokacin ba na aika fayil sai na zauna da uba. In kira wayarsa ina tsaye a gabansa, in canza murya, in tambaye shi wane ɗanka ne? Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi su ce na raina su. Biyu daga cikinsu sai da muka yi kwana uku muna gwadawa, ɗaya kuwa ya ce in sa sunan kawun yaron a matsayin mai ɗaukar nauyi tun daga farko, muka yi hakan da gaskiyarsa, ya wuce. Ku kuma da ko sunan kakan mai fayil ba kwa tambaya, ina jiran ranar da za ku zo kuna haki.

Ana jibi zai tashi zuwa Malesiya karon farko, Sa'adu ya zo karɓar takardunsa. Na baje fayil ɗin a kan teburin nan ina warewa: wannan ka riƙe a hannu a filin jirgi, wannan ka sa a jaka, wannan makaranta za ta nema. Ragowar, na tsohuwar tafiyar da ba ta yiwu ba, na ture su gefe zan zuba a kwali. Sai na ga ya sa hannu a ciki yana bincike, ya zaro takardar rantsuwar kotu, mai hatimi da shuɗin yatsan Alhaji a ƙasa. Na ce masa wannan ba ta da amfani a inda za shi, babu wanda zai tambaye shi ita. Ya ce ya sani. Ya tsaya yana kallonta.

“Malam, ina jikin taga ranar,” ya ce. “Shekarata ashirin da biyar, sau ɗaya na ji sunana a bakinsa. Ka bar mini ita.”

An ce ƙasar da za shi ruwa ba ya ɗaukewa, sai na nemo leda mai kauri na saka masa ita, na manne bakin.